Sifili a Takardar Anti

Layi huɗu ne kacal, kuma da hannuna na rubuta su. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin zanen gine-gine. Muna da tsohuwar kwamfutar ajiya a ɗakin kaya, kusa da bokitin goge ƙasa, muna ce mata Rumbu. Ta waya kowa ke tura aikinsa cikinta. Da ta fara kuka kamar injin niƙa, Manaja ya sayo sabuwa, amma don tsabar maƙo ya ɗauko wadda ba za ta ci rabin kayan ba. Ya ce in rubuta manhajar da za ta bi kwamfutar kowa, ta duba fayilolin da mutum ke buɗewa, ta ware waɗanda ke zaune a Rumbu. Su kaɗai za a kwashe. Sauran a goge, don mai sayen tsofaffin kaya zai zo ranar Juma'a.

Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Kowane fayil yana da adireshi. Wanda ke Rumbu, adireshinsa yana farawa da karkatattun sanduna biyu, wanda ke cikin kwamfutar mutum kuwa da harafi yake farawa. Sai na rubuta: in ka ga sanduna, na Rumbu ne, in ka ga harafi, na gida ne, wuce. Na gama kafin shayina ya huce, har ina yi wa kaina kirari.

Anti ce ke riƙe da ajiyar tsofaffin zane-zane, shekara goma sha tara tana kan kujerar nan. Ita ta kai takarduna gaban Manaja lokacin da nake yawo da su a leda ina neman aiki, takalmina ya cinye. Da manhajar ta bi kwamfutarta, takarda ta fito da sifili, wato ba ta da komai a Rumbu.

Sau uku ta zo teburina da takardar. Ta ce ita dai a saninta an taɓa gaya mata kayanta a ɗakin kaya suke. Na yi dariya, na ce Anti, na'ura ba ta mantuwa, mu ne muke yi. A zuwa na uku ma ban ɗago kai ba.

Aka goge Rumbu ranar Alhamis. Juma'a mai sayen kaya ya ɗora ta a bayan babur.

Ranar Litinin da safe Anti ta kira ni, wai babu abin da ke buɗuwa. Ina leƙa allonta na ga harafin Z a farkon adireshin fayilolinta. Ashe wanda ya riƙe aikina kafin ni, don ya sauƙaƙa mata, ya laƙa wa Rumbu harafi a kwamfutarta, ta riƙa ganinta kamar nata faifan. Manhajata ta ga harafi, ta wuce abinta. Abin da ya kamata in yi shi ne in sa ta tambayi kwamfutar kanta, wannan harafin faifan cikinki ne ko ta waya yake zuwa? Layi ɗaya ne. Kuma wallahi na san shi, ganin dama ne ban yi ba.

Zanen gine-gine sama da ɗari huɗu suka tafi, har da na wata makaranta da ake shirin ƙara wa bene.

Manaja ya tara mu a ofishinsa. Ya ɗaga takardar nan mai sifili yana kaɗa ta, ya ce ga shaida, kayanta ba su taɓa zama a Rumbu ba, ita ta goge su da hannunta, dama ya daɗe yana cewa shekaru sun ja. Anti tana tsaye, hannunta a kan bayan kujera. Sai ya juyo kaina.

"Injiniya, manhajarka tana kuskure?"

Na tuna yawon leda, na tuna matata da cikin wata bakwai. Na ce, "Abin da aka sa ta shi ta yi, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya na yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na tsani kaina a wurin, har yau ban daina ba.

Aka ba ta zuwa ƙarshen mako. Ni kuwa da rana na koma na ƙara layin nan ɗaya. Ya yi aiki tsaf, ya gane Z nan take, sai dai babu sauran abin da zai ceto.

Ranar tafiyarta ta haɗa kayanta a kwalin takardu: kofinta, dardumarta, da 'yar fankar tebur. Na karɓa na riƙe mata zuwa bakin titi, ina ta juya maganar a bakina, ta ƙi fita. Da mota ta tsaya sai ta dafa kafaɗata.

"Ɗana, na ga duk ka rame. Kar ka sa abin nan a ranka, na san da akwai yadda za ka yi, da ka yi mini. Ƙila ni ce na danna wani abu ban sani ba. Allah Ya yi maka albarka."

Na miƙa mata kwalin, na ce amin.