Furen da Uwa Ta Saki

Tun ina goye nake ganin kakata Valliammai da farin ƙyalle ɗaure a hanci. Ita ce mai ɗaura wa Uwa furen wuya. Uwa kuwa ita ce allahiyar garinmu, tana zaune cikin baƙin dutse a haikalin bakin tafki. A bayan haikalin akwai bishiyar shenbagam guda ɗaya tal, mai fure ruwan ƙwai, kuma duk abin da ta fitar na Uwa ne. Furen da za a kai mata ba a shinshina shi. Wanda hanci ya riga ya taɓa ya zama saura, ba a kuwa ba Uwa saura. Ƙamshin da iska ta kawo maka kana wucewa ba laifinka ba ne, amma ka ɗauki fure ka kai hanci, wannan ka sa hannu a kwanon baƙo tun bai zauna ba.

Furen yakan dawo mana, amma sai washegari, bayan ya kwana a wuyan Uwa, ya yi yaushi, ya sha hayaƙin fitila. Hanya ɗaya ce ake samun sa ɗanye, wato ana tsakiyar ibada ya faɗo da kansa. In haka ta faru, Uwa ce ta ba da, wanda aka miƙa wa ya shaƙa son ransa. Sai dai ɗaurin Kaka ba ya sakin fure. Abin alfaharinta ke nan, kuma ta ishe mu da shi. Ni da ta koya wa aikin, yatsuna sun sha ranƙwashi kafin in iya jan zare yadda take so.

Da ƙafafunta suka daina ɗaukar ta, aikin ya dawo hannuna. Ranar da nake ba ku labari ta daɗe rabonta da shinkafa, sai ruwan kanji, wato tsararon kunun shinkafa, a cokali. Likita ya zo, ya yi wa mijina magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, ya tafi bai rubuta magani ba. La'asar ta yi, tana kwance kan tabarma a baranda, ni ina gefenta da ƙyallena a hanci, kwandon fure a cinya. Gari ya yi tsit, hasken tafki yana rawa a jikin rufinmu.

"Kokila," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Na ga Uwa yanzun nan. Ta fito wanka, gashinta yana ɗiga, ta sunkuyo a kaina. Saura kaɗan in ji ƙamshin wuyanta, wannan shegiyar akuyar maƙwabta ta tashe ni."

"To ki koma barcin mana, tsohuwa. Wataƙila tana nan tana jiran ki."

"So nake in san abin da take shaƙa duk shekarun nan. Ɗanyensa. Shi kaɗai ya rage mini."

Zuciyata ta karye. Ban tsaya tunani ba na zaro fure guda daga kwando na miƙa mata. Tsohuwar da ba ta iya juyi sai an juya ta, sai ga ta ta kawar da kai bango, ta toshe hanci da bakin zanenta.

"Ke ja'ira! So kike in tafi da kayan sata a hanci? In ta so ta ba ni, ai ta san gidanmu."

"Ta yaya za ta ba ki? Kin taɓa barin fure ya faɗo?"

"Allah ya kiyaye," ta ce, har da murmushinta. "Wanke mini hannu, ki ɗaura mini ƙyallena. Ni zan ƙarasa ɗaurin yau."

Na yi yadda ta ce. Yatsunta suka bi zaren a hankali kamar masu lalube cikin duhu, ta sa furen ƙarshe, ta ja ƙulli. Ina gani ƙullin bai kama ba. Na miƙa hannu zan matse shi, ta doke mini yatsa.

"Aikina ba a gyara shi. Tashi ki kai, rana tana faɗuwa."

A ƙofar haikali na tarar da Sambasivam, mai hidimar Uwa, yana zuba mai a fitila. Na roƙe shi da an gama ibada ya ciro mana fure guda, kada sai gobe.

"Haba ƙanwata," ya ce, "ke ma kin sani. In na ciro, ni na ba ta, ba Uwa ba. Kuma kakarki za ta tambaye ki, ke kuwa ba ki iya ƙarya ba."

Na ji kamar in kwaɗa masa kwandon a tumbi. Haushin da ya fi ci na shi ne gaskiya ya faɗa.

Ya shiga ya ja labule. A bayansa muna jin ruwa yana zuba, sai madara, sai ruwa kuma. Ana yi wa Uwa wanka, ana ɗaura mata zane, ana sa mata shinkafa mai zaƙi a gaba, kamar yadda ake yi mata jiya da shekaranjiya. Ina tsaye cikin mata, amma hankalina yana kan tabarmar baranda, ina ƙirga numfashin da ba na ji. Tsoro nake kada in koma in tarar an rufe ta da zane.

Ƙararrawa ta kaɗa, aka yaye labule. Fitilar kafur ta tashi daga ƙafafun Uwa, ta zaga kafaɗarta, ta tsaya a fuskarta. Kullum a daidai nan nakan manta ko ni ce na zo ganin ta ko ita ce ta zauna jiran gani na. Hayaƙi ya yi sama a kasale. Ƙarar ganga ta yi nisa kamar daga ƙarƙashin tafki take fitowa. Ban roƙi komai ba. Kallon ta kawai na yi, tana kallo na.

Sai furen ƙarshe ya motsa. Ya sulale daga wuyanta, ya ɗan huta a kan gwiwarta, ya gangaro ƙasa.

Mata suka ɗauki shewa. Sambasivam ya ɗauke shi a kan ganye da hannu biyu, idonsa jajir.

"Ruga," ya ce. "Kuma ke kada ki shinshina a hanya."

Na same ta yadda na bar ta, ƙyallen yana nan a hancinta. Na kwance shi da kaina.

"Wa ya ciro?" ta ce.

"Ba wanda ya ciro. Faɗowa ya yi, gari duka sun gani."

Ta karɓa. Ta kai shi hanci, ta ja numfashi mai tsawo, har na tsorata ba za ta sake shi ba. Fuskarta ta warware, ta koma ta wata yarinya da ban taɓa sani ba.

"Ashe haka yake," ta ce. Can kuma ta buɗe ido ɗaya. "Ɗaurin wace raguwa ce ya saki?"

"Naki ne, Kaka. Ƙullin ƙarshe."

Sai dariya ta kama ta, marar sauti, hawaye yana gangara cikin kunnenta.

"Oh ni Valliammai. Shekara da shekaru Uwa tana son ta ba ni, ni kuma na matse mata zare."

Ta mayar da furen hanci, ba ta ƙara sauke shi ba. Washegari da aka zo yi mata wankan gawa, sai da muka buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya.