Saƙar Hagu

Teburin Habibatu a bakin banɗaki aka ajiye shi.

Ta tsaya da ƙullin kayanta a ka tana karanta takardar da aka manna a jikinsa. Sunanta ne kuwa, har da lamba ashirin da uku. Tebura ashirin da biyu sun jeru a tsakiyar zauren baje kolin, kowanne an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an ɗora barguna da matasan kai da hulunan jarirai na ulu. Nata kaɗai ne a can ƙurya, bayan ƙyauren ƙofa, inda duk mai fitowa daga kama ruwa sai ta goge shi da gefen zane. Ba ta tambayi wanda ya tsara zaman ba. Mutum ɗaya ce a unguwar Ƙofar Dumi take da irin wannan muguwar dabara, ga ta nan ma tafe, ta sha leshi ruwan goro, tana nuna wa mata inda za su taka kamar ita ta gina wurin.

Hajiya Fati ke nan, shugabar ƙungiyar mata masu saƙa ta unguwar.

"Au, Habibatu, kin iso? Ni na ce a sa ki nan kusa da ruwa, ko za ki buƙaci wanke hannu."

"Allah ya saka, Fati. Ke ma kada ki yi nisa, ko bakinki zai buƙaci wanki."

Fati ta ja tsaki ta wuce. Duk unguwa Hajiya ake ce mata, ban da Habibatu, wadda ta san ta tun suna yawo da ɗan kamfai a lungu ɗaya. Abin da ya fara haɗa su faɗa babu mai tunawa, su kansu in an rutsa su ba za su iya faɗa ba. Amma abin da ya faru shekara uku da suka wuce, wannan kam kowa ya sani.

Habibatu bahaguwa ce. Tana ƙarama an doki hannun nan har ya kumbura, ta koyi ci da dama, rubutu da dama, bayarwa da karɓa da dama. Kwarashi ne kawai ya ƙi. In ta riƙe shi da dama sai zare ya cukurkuɗe, in ta mayar da shi hagu sai aiki ya tafi sumul. Shekara arba'in tana saƙa wa amaren unguwa matasan kai, masu jego kuma barguna, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Da ƙungiya ta fara tara barguna don kai wa marasa galihu, ita ta fara kawo huɗu. A taron karɓar bargunan Fati ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Jama'a, sadaka fa abu ne mai tsarki. Ni dai ban ga yadda za a naɗe jinjiri sabon haihuwa da aikin hannun da ake kama ruwa da shi ba."

Matar limamin unguwa ta ce ita ba ta taɓa jin wannan hukunci ba, amma a ciki-ciki ta faɗa. Aka mayar wa Habibatu bargunanta a baƙar leda. Tun daga ranar iyayen amare suka fara karɓar kyautarta da yatsu biyu, har ta taɓa ganin matashin da ta yi mako uku a kansa a akurkin wani gida, kaza tana kwanci a kai. Abin ya ci mata rai ƙwarai, har yau kuma bai daina ba. Sadakar dai ba ta fasa ba. Duk wata sai ta sa bargo a jaka, ta hau keke zuwa asibitin gwamnati, ta miƙa wa wata nas a ɗakin bakwaini, a ba uwar da ta zo ba ta da abin rufa ɗanta. Ko suna ba ta bari.

Yau kuwa suna take so. An ɗauko alƙaliya daga waje, Madam Paulina, tsohuwar malamar sana'ar hannu da ba ta san kowa a Ƙofar Dumi ba, kuma za ta faɗi wadda ta fi kowa a lasifika. Habibatu ba ta damu da takardar yabo ba. Sau ɗaya tak take so unguwar nan ta ji an kira sunanta an ce hannunta ya fi.

Ruwa ya tsuge tun hantsi, sanyin damina yana shigowa ta tagogi. Ta jera kayanta ta zauna. Mata suna wucewa ta gabanta da butoci, masu gaishe ta su gaishe ta a tsaye, ido a wani wuri. A nan ne ta hango Ni'ima, autar Fati, ta shigo rungume da jariri, ta zauna a bayan teburin uwarta.

Ba yarinyar Habibatu ta kalla ba, bargon ta kalla. Shuɗi ne da fari, an faro shi daga tsakiya ana zagayawa, kuma a kusurwa ɗaya shuɗin ya ɗan fi duhu, inda zare ya ƙare mata ta nemi irinsa a kasuwa ta rasa. Ko a mafarki aka nuna mata ta san shi. Wata biyu ke nan da ta kai shi asibiti.

Ikon Allah! Ba Fati ce ta bi gida-gida tana cewa a Jos Ni'ima ta haihu ba, a asibitin kuɗi, ɗaki ita kaɗai har da talabijin? Ashe a nan cikin gari aka yi, a ɗakin da ake raba bargon sadaka. An daɗe ana raɗe-raɗin mijin yarinyar ba ya aiki, ashe abin ya kai haka. Wani daɗi ya ratsa Habibatu tun daga wuya har tafin ƙafa. Daɗi ne mara kyau, ta kuma san mara kyau ne, amma ba ta kore shi ba.

Madam Paulina ta fara zagaye. Doguwa ce mai furfura, da tabarau a karan hanci, ba ta dariya. Ta ɗaga bargo ta juya bayansa, ta ja zare da farce, ta rubuta. Ta yi na ɗaya, ta yi na goma, ta kai na ashirin da biyu, sai ta rufe littafinta ta juya. Ko kallon ƙuryar ba ta yi ba. Takardar da Fati ta ba ta, ashe, a ashirin da biyu ta tsaya.

Habibatu ta miƙe. Yau sai dai a yi wadda za a yi. Ta ratsa zauren tana huci, ta riga ta jera maganarta tsaf, daga teburin banɗaki har zuwa Jos ta ƙarya. Tana isowa ta tarar Madam Paulina ta sunkuya a kan jaririn, ta kama gefen bargon tana murzawa.

"Wannan fa? Me ya sa ba a ɗora shi a tebur ba? Duk zauren nan ban ga aikin da ya kama ƙafarsa ba. Wa ya saƙa?"

Ni'ima ta sunkuyar da kai. Fati ta dubi mata sun kewaye su, kowa ta kasa kunne. In ta ce saya aka yi, za a ce a ina. In ta ce ba su aka yi, za a ce wa ya bayar.

"Ni na saƙa wa jikana," in ji ta.

"Kai, madalla!" Madam Paulina ta gyara tabarau. "Ashe ke bahaguwa ce, Hajiya."

"Na'am?"

"Ai ga shi nan a fili. Mai dama in ta zagaya, saƙarta nan take karkata. Wannan kuwa can ta karkata, tun daga tsakiya har baki. Aikin hagu ne, kuma shekara talatin ina koyarwa ban ga hagu mai tsabta irin wannan ba."

Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda Habibatu take tsaye. Fati ma ta juyo. Habibatu ta ga lokacin da abin ya faɗo mata, ta ga leɓenta ya saki, ta ga idonta ya sauka a kan bargon kamar ta ga kunama a jikin yaron. Hannunta har ya fara tafiya zai yaye shi.

Habibatu ta buɗe baki ke nan sai ta ji an kama hannunta, na hagun. Ni'ima ce. Yarinyar nan a gindinta ta koyi riƙon kwarashi tana 'yar shekara bakwai, kafin uwarta ta hana ta shiga gidan Habibatu.

"Goggo," ta ce da raɗa, ba ta ɗago ba. "Tun ranar da nas ta miƙo mini na san hannunki ne, ban dai faɗa wa Hajiya ba. Da aka fito da shi daga kwalbar bakwaini, a cikinsa ya yi ɗumi. Don Allah ki rufa mini asiri. In kika faɗa, ni za a yi wa dariya a unguwa, kuma yanzun nan za ta cire masa shi."

Yaron ya motsa. Ɗan mitsitsi ne, yatsunsa sun shige cikin ramukan saƙar sun riƙe gam. Habibatu ta ji haushin yarinyar, ta ji haushin yaron, ta ji haushin kanta da ta tsaya kallonsa. Shekara uku tana jiran wannan rana, ga ta ta zo har tafin hannu, a ce kuma ta haɗiye?

Madam Paulina ta zaro kwarashi daga jakarta ta miƙa wa Fati. "Ɗan nuna wa matan nan yadda kike juya shi, su ƙaru."

Fati ta karɓa da dama, ta tuna, ta mayar hagu.

"Madam, ki bar ta," in ji Habibatu da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Ba ta yi a gaban mutane, kunya take ji. Ni shaida ce, tare muka tashi. Bahaguwa ce ta gasken gaske, ɓoyewa kawai take yi. Sai ta kulle ɗaki take saƙarta, da wannan hannun da kike gani."

Wata ta tuntsire da dariya a baya, aka ce ta yi shiru, wata kuma ta kama.

"Haba, abin kunya ne?" in ji Madam Paulina. "Baiwa ce. Haka ne, Hajiya?"

Fati ta dubi Habibatu. In da kallo yana kisa, da a ranar an yi jana'iza a Ƙofar Dumi.

"Haka ne," ta ce.

Aka kira sunan a lasifika, Hajiya Fati, har sau biyu, aka yi tafi. Habibatu ta zaci za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji zafi. Aikinta ne aka ɗaga sama, hannunta ne aka yaba, sunan wata aka kira, kuma da bakinta ta bayar. Ba za a sake kiran nata ba, ta san wannan.

Madam Paulina ta ƙara da cewa wata mai zuwa akwai baje koli na jiha baki ɗaya, ta riga ta rubuta sunan Hajiya. Barguna biyar ake so da matasan kai biyar, duka na wannan hannun, kada a surka da na kowa, don ita za ta gane.

Mata suka yi layi suna taya murna. Da aka zo kan Habibatu sai ta miƙa hagu, ta bar shi a miƙe a gaban kowa. Fati ta daɗe tana kallonsa kafin ta kama.

"Allah ya isa," ta ce ta cikin haƙora.

"Ya ƙara wa hannu albarka, Hajiya."

Ta koma ƙuryarta ta naɗe kayanta. Ko matashi ɗaya ba a taɓa ba, sai wanda ruwan buta ya jiƙa wa gefe.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar sakaliya, tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta faro sabon bargo na asibiti, ta ji sallama a zaure. Ta san muryar. Shekara uku rabon muryar nan da gidan, yau kuma ga ƙarar leda a tare da ita, irin ledar da ake zuba ulu.

Amsa sallama wajibi ne, don haka ta amsa, a hankali, daidai yadda Allah zai ji Fati ba za ta ji ba. Kwarashi ya ci gaba da shiga da fita. Aka yi ta biyu. Aka yi ta uku. Kowa ya san bayan ta uku juyawa ake yi, Fati kuwa ta fi kowa sanin ƙa'ida. Habibatu ta kasa kunne ta ji takun tafiya, ba ta ji ba.

"Salamu alaikum," aka sake cewa, ƙasa-ƙasa. "Habibatu, ni ce."

Saura kaɗan zagayen ya ƙare, sai ya ƙare kuma za ta tashi. Ta ja zare, ta rage sauri.