Baƙon Darbejiyar Ɗantsoho

Ɗantsoho ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana korar tsuntsaye a gonakin dawa na Jazira, da majajjawa da gwangwani da wata murya da ake jiyowa daga ƙauyen gaba. Sai ga shi da furfura, a gidansa na unguwar Hajj Yusuf, yana neman dabarar da zai roƙi tsuntsu ya sauka. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Auren ɗansa ne ya jawo. Muntasir, tela a Kasuwar Umdurman, ya sami mata, Layla, amma bai sami inda zai ajiye ta ba. Haya ta fi ƙarfin kekensa, fili kuwa bai rage a gidan ba sai inda darbejiya take tsaye. Ɗantsoho ne ya dasa ta da hannunsa shekarar da suka dawo birni. A gindinta yake shan shayi, a nan yake barcin rana, a nan yake zagin tsadar kaya da murya ƙasa-ƙasa saboda kunnen soja.

"Yaba, ɗaki ɗaya ne, wallahi," in ji Muntasir ga mahaifinsa, yana so a sare ta a yi gini. "Itace ne fa, ba mutum ba."

"Masauki ne, ya walad, ɗana. Duk ƙarshen damina akwai baƙon tsuntsun da ke zuwa daga bayan teku ya sauka a kanta, ruwan ɗorawa, fukafukai baƙaƙe. Larabawa na ce masa saffariya. Ya kwana biyu ya yi kudu. Kakanninmu ma a hanyar Makka aka saukar da su a ƙasar nan. Mu ne za mu rushe wa matafiyi masauki?"

"Ni dai ban taɓa ganinsa ba."

Gaskiya ita ce Ɗantsoho ma ya yi shekaru rabonsa da shi, amma wa ya isa ya sa tsoho ya faɗi haka a gaban ɗansa? Suka yi yarjejeniya, Kande uwar gida tana shaida. Magini zai buga tubali a ƙofar gida. In baƙo ya zo kafin tubali ya bushe, darbejiya ta tsira. In bai zo ba, gatari.

Washegari Ɗantsoho ya watsa dawa a faifai. Abin da ya sani kenan: tsuntsu da dawa, tun da aka halicce su. Kafin hantsi kurciyoyi da gwarare sun cika tsakar gida kamar an buɗe rabon sadaka. Da ya ga suna cin hatsi a gaban idonsa, tsohuwar sana'a ta motsa, bai san lokacin da ya miƙe ya daka musu tsawa ba.

"Ya Hajj, kai ka gayyata, kai ka kora?" in ji Kande, tana dariya har da riƙe ciki. "Wannan naka ai ba ya cin dawa. Ka manta? Shi ya sa bai taɓa shan dutsenka ba. A lambun gwaiba na bakin ruwa muke ganinsa."

Ta fi shi gaskiya, abin da bai taɓa yi masa daɗi ba. Ya je ya sayo gwaiba nunanniya, ya tsaga biyu, ya soke a ƙusoshi jikin reshe. Ya jiƙa dabino ya rataye. Ya ajiye kasko da ruwa a inuwa. Wata safiya Kande ta kama shi yana barbaɗa wa gwaiba sukarin da ta yi layi a rana ta karɓo na rabon gwamnati. Ranar shayinsa ya zo masa salam.

Baƙi kam sun zo. Tururuwa ta zo da danginta, ƙudaje suka biyo, akuyar maƙwabta ta miƙe da ƙafa biyu ta cinye reshen ƙasa kaf. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne yin shiru. Mutumin da ko sallama ya yi sai kaji sun watse, ga shi zaune kan gadon igiya, baki a rufe, wuya a sama. Har maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar Kande ko jikin Hajj ne.

Kullum in zai fita masallaci sai ya danna tubali da yatsa. Da fari yana lotsawa. Daga baya ya daina. Ya so ƙwarai a yi ruwan bankwana ya jiƙa su, har ya roƙa a zuci, sannan ya ji kunya, domin Layla yarinyar kirki ce, ɗansa kuma ya daɗe yana jira.

Ranar Juma'a magini ya ƙwanƙwasa tubali ya ce ya yi. Ɗantsoho bai yi gardama ba. Magana zarar bunu ce. Ya shafa jikin darbejiya, ransa ya ɓaci sosai, ya sa rawani ya tafi da kansa ya kira Mika'ilu mai faskare.

Suna dawowa, Mika'ilu da gatari a kafaɗa, suka tarar da Muntasir tsaye a bakin ƙofa, ya tare hanya da hannu ɗaya, yatsa a leɓe.

"Yaba, a hankali," ya ce da raɗa. "Yana ci."

Ɗantsoho ya leƙa. Can a reshen sama, ga shi, ruwan ɗorawa shar, yana caccakar gwaiba yana duba hagu da dama. Kande na tsugune a bakin murhu, ta ƙi ko motsa ludayi. Tsoho ya ji ƙwalla ta cika masa ido.

Sai ya juyo ya dubi ɗansa. Muntasir ne ya fara gani. Da ya tafa hannu sau ɗaya tun kafin Kande ta lura, da tuni tsuntsu ya kama gabansa, ba wanda zai sani, shi kuma ya sami ɗakinsa. Amma ga shi yana gadin ƙofa, yana murmushi irin na wanda ya faɗi kokawa a gaban jama'a.

"Kalas, shi ke nan, Yaba, ko da tubali ya bushe, baƙo ya riga gatari, ka ci," in ji Muntasir. "Zan gaya wa gidan su Layla su ƙara haƙuri."

"Ba za ka gaya musu komai ba. Ɗakin baƙina na zaure, ku ɗauka. Tubalin nan a ja muku katanga da shi."

"To, abokanka fa? A ina za ka sauke su?"

Ɗantsoho ya nuna darbejiya da haɓa, ya rage murya iya ƙarfinsa.

"Wanda ya zo daga bayan teku bai raina ta ba, sai tsofaffin Hajj Yusuf?"