Gonar Manu Ma An Ci

Wani garken baƙin shanu ya bi ta bayan garin Basirka, ba wanda ya san daga inda ya fito. Kafin a ankara sun tattake riɗin mutane, har da na Manu.

Manu Bafulatani ne a suna kawai. Kakansa ne ya yi kiwo. Shi a garin aka haife shi, fartanya ya sani, Fulatancinsa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Amma da aka taru a ƙofar mai unguwa, shi aka aika a kira, kamar yadda aka yi bara da bara waccan.

"Malam Manu," in ji mai unguwa, "ka ga abin da mutanenka suka sake yi."

"Ranka ya daɗe, ban san su ba. Ni ma an cinye min."

Iliyasu, maƙwabcin Manu da suke gayya tare tun suna samari, ya yi magana yana kallon ƙasa. "Ba kai muke nufi ba. Amma naku ne suka ƙone rumbun babana a Farin Dutse. Ko haƙuri ai ka ba mu."

Lokacin da aka ƙone rumbun nan Manu yana goye. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya tuna ya sha faɗa musu.

"Ku yi haƙuri," ya ce.

Aka ce madalla, aka watse.

Washegari ya hau babur ya tafi ruga wajen Arɗo Hambali, shugaban makiyayan yankin, ko ya san masu garken. Arɗo ya yi masa Fulatanci, ya ga bai gane ba, ya koma Hausa.

"Kun nome burtali, kun nome mashaya, yanzu kuma an turo ka leƙen asiri?"

"Baba, kakana a rugar nan ya tashi."

"Kakanka ke nan. Kai ɗan gari ne."

Ko ruwa ba a ba shi ba.

Da ya dawo, ya tarar da matarsa Hapsatu a gona tana tsince abin da kofato ya bari. Ya sunkuya kusa da ita, gwiwoyinsa suna ƙara. 

"In aka sake aiko kira," ya ce, "ki ce ba na nan."

"Sai su zauna su jira ka," in ji ta, ta miƙo masa bakin buhu ya riƙe.