Amsar da Glenda Ta Haɗiye

"Bari in maimaita, ko kunnenki ya tafi hutu," in ji Sanata Duggan. "Wa ya ce a daina duba madatsar ruwan nan kafin ta fashe? Ke ko shi?"

Glenda Petrakis ta gyara zama. Tun tana budurwa take aikin gwamnati a Canberra, babban birnin Ostareliya, daga jera fayil har ta zama ta biyu a ma'aikatarsu. Wanda ake cewa "shi" yana zaune a gefenta, Minista Rourke, yana wasa da murfin biro. Da ƙafarta ta je ofishinsa ta roƙe shi kada ya janye masu duba madatsar, ya ce ta cika tsoro. Yanzu garin da ke ƙasan madatsar ya nutse cikin laka, kwamitin majalisa kuma na neman wanda zai ɗauki laifin, ya bar kujerarsa.

Amma ma'aikaci ba ya faɗin shawarar da ya ba minista. Ita ce ma take cusa wa sababbin ɗauka wannan ƙa'ida.

"Sanata, abin da ke tsakanina da Minista ba na kwamiti ba ne."

"Haba, Madam! Mutane na kwana a filin ƙwallo, ke kina karanta mini ƙa'ida?"

Ta saci kallon Rourke, ko zai buɗe baki ya ce, ni ne. Murfin biron kawai yake juyawa.

"Ma'aikata ce ta aiwatar," ta ce. "Ni ke kula da sashen."

Duggan ya jefar da tabaransa a kan tebur. "To, mun ji."

Da aka tashi, Rourke ya cim mata a baranda, fuskarsa a sake.

"Wallahi Glenda, irinku sun ƙare. Kin san dai dole wani ya tafi, ko? Amma ba za ki fita a wulaƙance ba. Na ce a shirya miki shayin bankwana ranar Juma'a, ni da kaina zan yi jawabi."

Ta tsaya tana kallonsa, jakarta a rungume.

"Sakatariyata na tambaya," ya ce. "Kek ɗin, mai lemo kike so ko mai cakulan?"