Butar Hajiya

Kwana biyu ke nan dusar ƙanƙara ta rufe unguwarsu a garin Sterling can ƙasar waje, ba wuta, bututun ruwa kuma ya fashe. Ruwan gorar da ya rage a gidan Zulkifilu na sha ne, mahaifiyarsa Hajiya da ta zo daga Kano kuwa ta ƙi taɓa shi don alwala.

Sai ga maƙwabcinsu Dachung, wani nas mutumin Jos, da buta cike da ruwa mai ɗumi. Kwali kawai ya samu ya lulluɓe cikinsa da takardar aluminiyam, ya cika baƙar tukunya da ƙanƙara ya sa ciki, ya rufe da gilashi, ya fuskantar da shi rana har ƙanƙarar ta narke.

"Dachung, ɗan albarka! Allah ya yi maka albarka, Dachung," in ji Hajiya.

Har sau biyu! Zulkifilu ɗan fari ne, shekararsa arba'in da shida bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, balle yabo. Ya san kunya ce ta iyaye, amma yau ya kasa jurewa. Shi injiniya guda, a ce nas ya sha gabansa da kwali? Kishi ya kama shi, ba ƙarami ba.

Washegari ya kwance madubin banɗaki, ya haɗa akwatin da ya ninka na Dachung. Garin gaggawa bai shiga lambu ya ɗebo mai tsabta ba, ƙanƙarar bakin ƙofa ya kwasa, inda shi da kansa ya barbaɗa gishiri don kada a zame. Sauri dai ya haifi nawa.

Da azahar ya ajiye butar gabanta, ya koma gefe yana latsa wayar da ba caji. Hajiya ta kurkure baki, ta ɗan tsaya, sannan ta ƙarasa alwalarta. Da ta ta da salla ya ɗanɗana ragowar. Gishiri zau! Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matarsa Rumasa'u ta buɗe.

"Madam, ga ruwan Mama," in ji Dachung, yana murmushin da Zulkifilu ya tsana tun jiya.

Zulkifilu ya sunkuyar da kai yana jiran albarka ta uku.

"Rumasa'u, yi masa godiya," in ji Hajiya daga kan darduma. "Ki ce ya kai wa masu buƙata. Mu yanzu muna da namu."

Ba ta dubi inda ɗanta yake ba. Ta jawo butar nan mai gishiri kusa da ƙafarta, ta ci gaba da jan carbi.