Mai Gida a Gidan Marasa Gida

Tun ranar da Ammu Subhi, wato Baba Subhi, ya shigo gidanmu na marasa matsuguni a Iskandariyya ta Masar muka gane ƙarya yake yi. Bayan azahar ya cire takalmansa, ya jera su a gindin gado, ya kwanta har da minshari. Duk wanda ya taɓa kwana a titi ya san takalmi a ƙarƙashin kai ake sa shi, in ba haka ba ka farka wani ya yi gaba da shi.

Gidan nan hukuma ce ta tattaro mu ciki, daga tashar jirgi, bakin teku da ƙofofin masallatai. Gado, likita, wanzami, miyar ƙananan waken nan adas, duk a wuri ɗaya. Sharaɗin guda ne: ya zama ba ka da wurin kwana. Subhi kuwa yana da gidansa a unguwar Bahari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kuwait. Abin da ya rage masa a duniya shi ne Fathi, wani tsohon masunci mai kaifin baki da ke kwana a bayan shagon mai shayi, wanda kullum suke buga domino tare. Da motar hukuma ta kwaso Fathi, sai la'asar ta yi wa Subhi tsawo. Ya yage rigarsa, ya shafa toka, ya je tasha ya zauna har shi ma aka kwaso shi.

Fathi na ganinsa ya kwashe da dariya. "Kai, tsohon banza! Da almakashi ka yi wannan yagar? Wa ya taɓa ganin tsumma mai layi a miƙe?"

"Rufa mini asiri, don girman Allah," in ji Subhi.

Muka rufa masa, har muka buɗe masa makaranta. Ci da sauri. Ɓoye burodi a aljihu. Kada ka gode wa kowa sosai. Amma ɗalibin daƙiƙi ne. Ran nan a gaban jama'a ya ce wa mai girki miyarta ta yi gishiri, sai da na taka masa ƙafa. Ina sonsa duk da haka, don tun da ya zo Fathi ya daina zaginmu, ya samu nasa na kansa.

Da ruwan hunturu ya sauko, don a nan da sanyi ake ruwan sama, aka kawo wani bawan Allah jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi, gado kuwa babu. Ustaza Afaf, shugabar gidan, ta iske mu a kan domino.

"Ammu Subhi," ta ce, "maigadin gininku ya zo cigiyarka. Wai ka bar famfo a buɗe, ruwa na zuba a kan maƙwabtan ƙasa."

"Ni? 'Yata, ina na ga famfo?"

"Na banɗaki, ya ce. Ka yi haƙuri, baba. Gadon nan akwai mai buƙatarsa, kai kuma ɗaki uku na jiranka."

Subhi ya miƙe a hankali, fuskarsa ta faɗa. Wallahi ya ba ni tausayi. Sai Fathi ya doki tebur.

"Uku? Kai kaɗai? Ni ina kan kwali a bayan mai shayi duk shekarun nan, kai kana zaɓen ɗakin da za ka yi minshari?"

Subhi ya sunkuyar da kai. "Sau nawa na fito da niyyar in ce ka taho. Sai in ji tsoro kada ka ce sadaka nake maka, ka daina wasa da ni."

"Da na daina mana," in ji Fathi.

Can Fathi ya sunkuya, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya kwashe domino ya zuba a ciki, alhali ba nasa ba ne.

"Ustaza, gado biyu kika samu," ya ce. "Kai kuma wuce mu je ka rufe famfon nan, kafin ka nutsar mini da ɗaki."